Asabar da Lahadi a birnin Rum: ina zan je, kuma ya halatta in shiga majami'u?

Manomin_Danja
Assalamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu sun tura ni taron harkar noma a hedikwatar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke birnin Rum na Italiya, wata mai kamawa in Allah ya yarda. Biza ta fito. Taro zai tashi ranar Juma'a, jirgina kuma sai safiyar Litinin, ke nan Asabar da Lahadi suna hannuna. Waɗanda suka riga ni zuwa daga ofis ba abin da suke cewa sai in je Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, in ɗau hoto. Ni kuwa so nake in ga abin da zan zauna in ba yarana labarinsa, in kuma san me nake kallo. To wane wuri ne ya cancanci wannan ɗan lokacin? Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi tsaya min a rai. An ce min rabin abin kallon garin majami'u ne. Musulmi zai iya shiga coci don ganin gini da tarihi? Ba na son in je in yi abin da zai dame ni daga baya. Malamai da waɗanda suka taɓa zuwa, a taimaka.

Bakano_A_Milan
Wa alaikumus salam. Allah ya kai ka lafiya Alhaji. Ai a tsakiyar abin kallon aka ajiye ka. Kana fitowa daga ginin FAO za ka ga wani dogon fili, shi ne Circo Massimo inda Rumawa ke tseren keken doki, sama da shi kuma kufan fadojin sarakunansu ne a kan tudun Palatino. Daga nan zuwa Kolosiyam tafiyar kamar minti goma sha biyar ce a ƙafa, ba sai ka hau komai ba.

Shawarata ka sayi tikiti ta intanet tun kana gida, daga shafin hukumar wurin. Da na je yuro 18 ne, kuma tikitin guda ya haɗa Kolosiyam da Forum, wato tsohon dandalin tsakiyar birnin, da Palatino. Ana rubuta suna a jiki, don haka riƙe fasfonka. Ka zaɓi sa'ar farko da safe. Masu tare mutane a hanya suna cewa za su tsallakar da kai layi, kada ka saurare su, wani ɗan uwanmu ya biya ninkin kuɗin uku a hannunsu.

In ka isa, kafin ka shiga ka ɗaga kai ka dubi saman ƙofofin. Tamanin ne, kuma har yau akwai lambobin da aka sassaƙa a kan wasunsu, don kowane ɗan kallo ya san ta inda zai shiga. Wurin yana ɗaukar mutum kusan dubu hamsin. Za ka ga ramuka birjik a jikin duwatsun, kada ka zata harsashi ne. Ƙarafan da suka riƙe duwatsun ne mutanen baya suka ƙwaƙule suka narka.

Abu_Hudhaifa
Ɗan uwa ka ji tsoron Allah ka bar maganar coci. Wurin da ake shirka, cike da gumaka da hotuna, me Musulmi zai nema a ciki? Sayyidina Umar ya ce wa Kiristocin Sham ba ma shiga majami'unku saboda hotunan da ke ciki. Ka je masallaci, ka yi tsarabarka, ka dawo gida.

Malam_Na_Zaure
Abu Hudhaifa, maganar Sayyidina Umar da ka kawo ingantacciya ce, Bukhari ya kawo ta. Amma a wannan babin dai ya kawo cewa Ibn Abbas yakan yi salla a majami'a matuƙar babu mutum-mutumi a cikinta. Sannan Ummu Salama da Ummu Habiba, Allah ya yarda da su, sun ba Manzon Allah (SAW) labarin wata coci da suka gani a Habasha, suka siffanta kyanta da hotunan da ke ciki. Abin da ya yi wa gargaɗi a kai shi ne gina wurin ibada a kan kabari da yin waɗannan hotuna. Daga irin waɗannan nassoshi malamai suka saɓa. Akwai masu haramtawa, akwai masu karhantawa in da hotuna, akwai masu halattawa in da buƙata kuma ba lokacin ibadarsu ba ne. Abin da ba saɓani a kai shi ne ba za ka shiga cikin ibadarsu ba, ba rusunawa, ba kunna kyandir, ba taɓa ruwan da suke ajiyewa a bakin ƙofa.

Game da kufai kuwa, Alhaji, buɗe Suratur Rum aya ta 9 ka karanta kafin ka fita daga masauki. Ma'anarta: shin ba su yi tafiya a bayan ƙasa sun ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance ba? Sun fi su ƙarfi, sun nome ƙasa, sun raya ta fiye da yadda waɗannan suka raya ta. Kai da noma ne aikinka, ka tsaya a kan wannan wurin na nome ƙasa. Kallon kufai da niyyar ɗaukar darasi abu ne da aka kira mu zuwa gare shi. Majami'a kuma, in zuciyarka ba ta natsu ba, bar ta, ba ka yi asarar komai a addininka ba.

Sadiq_Gwale
Allahu Akbar. Ashe garin da aka saukar da sura a kansa za ka je.

Malamar_Tarihi
Sadiq, ba wannan garin ba ne. Rumawan da surar ta ambata su ne na gabas, mutanen Hirƙal wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, hedikwatarsu Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Daular yamma mai wannan birni ta riga ta faɗi tun shekarar 476, kusan shekara ɗari kafin haihuwar Annabi. Tushensu ɗaya ne dai.

Alhaji, ni abin da zan roƙe ka shi ne kada ka bar Forum a matsayin ragowar tikiti. Mutane da yawa suna ƙarar da ƙarfinsu a Kolosiyam, su shigo nan a gajiye su ga tarin duwatsu su wuce. Alhali nan ne zuciyar garin, kasuwa da kotu da majalisa. Akwai ƙofofin nasara biyu da nake so ka tsaya a gabansu. Ta farko ta Titus ce. A cikinta ta gefe an sassaƙa sojoji ɗauke da fitilar nan mai rassa bakwai da suka kwaso daga haikalin Ƙudus bayan sun rushe shi a shekara ta 70. Da ganimar wannan yaƙi aka gina Kolosiyam, wanda mahaifinsa Vespasian ya fara, shi kuma Titus ya buɗe a shekara ta 80. Ta biyu tana can ɗaya ƙarshen, an gina ta a 203 domin sarki Septimius Severus. Wannan sarki ɗan Afirka ne, a garin Lebda na Libiya aka haife shi a 145, ya mulki daular daga 193 har ya mutu a 211 a garin York na Ingila. A zamaninsa Rumawa suka girke sojoji a Gadamas, garin da daga baya fatakensa suka cika Kano har suka zauna a unguwar Dandalin Turawa. Manyan wuraren wankan da ke kusa da FAO ɗansa Caracalla ne ya gina su.

Kuma akwai wani abu da mu Hausawa ya kamata mu sani. A bakin kogin Tiber akwai wani gini zagayayye, Castel Sant'Angelo, asalinsa kabarin sarki Hadrian ne. A ciki aka tsare Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, bayan 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na Goma. A garin nan ya rubuta bayaninsa na Afirka, inda ya yi maganar Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, aka buga a 1550. Shekaru ɗaruruwa, abin da Turai ta sani game da ƙasarmu daga alƙalaminsa ya fito.

Ishaya_Zonkwa
Salama gare ku. Ni Kirista ne ɗan Katolika, na je aikin ibada can, bari in sa baki. Malam Na Zaure ya yi magana ta adalci, na gode masa. Alhaji, babu wanda zai tilasta maka yin komai a ciki. A majami'ar Bitrus da ke Vatikan na ga mata da hijabi, na ga 'yan Indiya da rawani, kowa na kallonsa cikin natsuwa. Abin da ake nema kawai a rufe kafaɗa da gwiwa, maza su cire hula, a yi shiru. Shiga kyauta ne, sai dai layin bincike yana da tsawo. In za ka je, Asabar da sassafe ya fi, domin ranar Lahadi da tsakar rana Fafaroma yakan fito ta taga ya yi addu'a, filin ya cika maƙil. Gidan tarihin Vatikan kuma rufe yake ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata.

Ko ba ka shiga ba, filin kaɗai ya isa kallo. Ginshiƙai 284 ne suka rungume shi. Dogon dutsen da ke tsakiya daga Masar aka kawo shi a zamanin sarki Caligula, a 1586 aka matso da shi inda yake yanzu. Majami'ar kuwa an fara ta a 1506, ba a keɓe ta ba sai 1626.

Sadiq_Gwale
Yallaɓai Ishaya, ba a Kolosiyam ne ake jefa wa zakuna Kiristoci ba? Haka muka taso muna ji.

Ishaya_Zonkwa
Haka ake faɗa, kuma duk Juma'ar Ista ana yin addu'ar tunawa da wahalar Almasihu a wurin. Amma babban kisan da sarki Nero ya yi wa Kiristoci a shekara ta 64 ne, lokacin ko tubalin Kolosiyam ba a aza ba. A filin wasan da ke tudun Vatikan aka yi shi, inda wancan dogon dutse yake tsaye a da, kuma a nan muka yi imani an kashe Bitrus aka binne shi. Shi ya sa majami'ar take wurin. Ni da na sauka ƙasa inda kaburburan suke sai da na yi hawaye.

Abu_Hudhaifa
Da girmamawa Malam, ina nan kan bakana. Ibn Battuta da ya je Kustantiniyya ya tsaya a waje ne ya siffanta babbar cocinsu, bai shiga ba. Mu bi irin wannan.

Malamar_Tarihi
Ya tsaya a waje ne saboda a lokacin ba a barin kowa ya wuce sai ya yi sujada ga gicciyen da ke ƙofa, shi da kansa ya faɗi haka. Ibn Jubair kuma, mutumin Andalus mai tsantseni, ya shiga wata coci a Palermo a 1184, ya siffanta bangonta mai ruwan zinare, yana neman tsarin Allah daga fitinarta. Dukansu Musulmi ne masu kishin addini.

Injiniya_BK
Ni maganar hukunci na bar wa malamai. Amma a matsayina na mai aikin gini, in abu ɗaya kawai za ka gani a garin nan, to Pantheon ne. Matsalar ita ce shi ma coci ne yanzu. An gina shi a zamanin Hadrian wajen shekara ta 125 domin allolin Rumawa, aka mai da shi coci a 609, kuma wannan ne ya tsirar da shi daga masu kwasar duwatsu.

Bari in gaya maka abin da za ka gani. Ƙubba ce ta kankare, faɗinta mita 43.3, tsayinta daga daɓe zuwa ƙololuwa shi ma mita 43.3. Babu rodi ko ɗaya a ciki. Har yau babu ƙubbar kankare marar rodi da ta kai ta girma a duniya. Kaurin ginin a ƙasa ya haura mita shida, yana ta sirancewa har ya koma mita ɗaya da 'yan kai a sama. A ƙasa sun zuba tsakuwa mai nauyi, suna hawa suna canzawa zuwa dutse marar nauyi mai ƙofofi irin na aman wuta. Simintin nasu farar ƙasa ce da tokar dutse mai aman wuta. A tsakiyar ƙubbar sun bar kafa a buɗe, kusan mita tara, ita kaɗai ce tagar ginin. In ana ruwa yana zubowa ciki, sai ka dubi daɓen ka ga ƙananan hudoji da ke shanye shi. Ginshiƙai goma sha shida na ƙofa kowanne dutse guda ne da aka sassaƙo a Masar, aka bi da shi ta kogin Nilu da teku.

Na tsaya a ƙarƙashinta sai tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya faɗo min, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure rufi da bakan gizo na azara da ƙasa. Tambayar da magini ke yi wa kansa ɗaya ce a ko'ina: yaya zan rufe fili mai faɗi ba tare da nauyin ya danne kansa ba? A 2023 aka fara karɓar kuɗin shiga, yuro biyar a lokacin. Lokacin ibada suna dakatar da masu kallo.

Maman_Iman
Alhaji bari in faɗa maka abubuwan da maza ba sa tunawa. Na farko takalmi. Titunan tsohon garin da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗe su, hanyar cikin Forum kuma manyan duwatsu ne masu santsi, kada ka sa takalmin taro. Na biyu ruwa. Akwai famfunan ƙarfe a kan titi ko'ina, suna ce musu nasoni, ruwan na zuba dare da rana, mai sanyi ne kuma na sha ne. Toshe bakin da yatsa, ruwan zai fito ta wata 'yar huda a sama ka sha. Da shi muka riƙa alwala. Na uku abinci, ka nemi shagunan 'yan Bangaladash da Larabawa a kewayen tashar Termini da Piazza Vittorio, akwai halal. A gidan abincin Italiyawa kuma ka tambaya, domin taliyarsu da ta fi suna, carbonara da amatriciana, da naman alade ake yi.

Abin da ya fi damuna ni ba majami'u ba ne, gumakan tsirara ne, a gidajen tarihi da kan titi. Da yara muka je, sai kauce-kauce muke. Majami'un ma sun fi sutura. Na shiga biyu da hijabina, ba wanda ya ce min uffan, ban kuma daɗe ba na fito don raina bai kwanta ba. Maigidana shi ya zauna ya ƙare wa rufin kallo.

Ka kula da aljihu a jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas mai lamba 64. An zare wa ƙanwata waya ba ta ko ji ba.

Bakano_A_Milan
Hajiya ta faɗi gaskiya. Na ƙara da cewa in taro ya ba ka dama ranar Juma'a, ka nufi babban masallacin Rum da ke unguwar Parioli. An buɗe shi a 1995, yana cikin mafiya girma a Turai, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya ɗauki nauyin farko, birnin kuma ya ba da fili. Ginshiƙansa kamar itatuwan dabino suke buɗewa a sama. Bayan salla ana kasa abinci a waje. Ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio ke kai mutum.

Ɗan_Agadas
Sannunku. Ni wani abu daban na gani a bakin Kolosiyam wanda har yau bai bar ni ba. Samarin da ke tallar ruwa da awarwaro da cajar waya a wurin, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne. Ina tsaye da jamfa sai ɗaya ya matso ya gaishe ni da Hausa. Ta garinmu ya bi, ya keta Tenere, ya zauna a Libiya, ya hau kwalekwalen roba. Ya ce min daga Sabrata suka tashi. Sabratan nan kufan Rumawa ce, da babban dandalin wasanta a bakin teku. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga Kolosiyam ɗin da yake wuni a gabansa, ya ce ina kuɗi, ina takarda. Mun zauna mun ci abinci tare. Alhaji in ka gamu da su ka yi musu sallama da kyau, ko ba ka sayi komai ba. Jin harshen gida kaɗai yana sanyaya musu rai.

Manomin_Danja
Allah sarki. Allah ya kawo musu mafita. In sha Allahu zan yi hakan.

Malamar_Tarihi
Ɗan Agadas ka taɓo abu. A Ostia, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum, akwai wani dandali na ofisoshin 'yan kasuwa, kowanne da alamarsa a daɓe da ƙananan duwatsu baƙi da fari. Ɗaya an rubuta na mutanen Sabrata ne, da hoton giwa. Ta wannan hanyar ruwan ake kawo hauren giwa da alkama da man zaitun, da namun dajin da ake kashewa a Kolosiyam. Marubucinsu Cassius Dio ya ce a bikin buɗe shi, na kwana ɗari, an kashe dabbobi dubu tara. Shi ya sa ni idan na shiga wurin nan ba na iya murna. Ka leƙa ƙasan filin ka ga lungunan da ake tsare mutane da dabbobi kafin a ɗago su, ka tuna dubban mutane ne ke zaune suna tafi.

Kuma Alhaji, shi kansa ginin FAO asalinsa an fara shi ne domin ma'aikatar mulkin mallakar Italiya a Afirka. A gabansa aka kafa dogon dutsen Aksum da sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937. Sai a 2005 aka mayar da shi gida, gunduwa uku a jirgin sama, aka sake tsayar da shi a 2008.

Ɗalibi_A_Tunis
Ga wanda bizar Turai ta gagara, kufan Rumawa ba a Italiya kaɗai suke ba. A nan Tunisiya akwai El Jem, filin wasa irin Kolosiyam, na wajen shekara ta 238, mai ɗaukar kusan mutum dubu talatin da biyar. Ba cunkoso, kana sauka har ƙarƙashin ƙasa, kana jin kiran salla daga cikin gari. Kuma @Abu_Hudhaifa, babban masallacin Uƙba a Ƙairawan, cibiyar malaman Malikiyya, ginshiƙansa da yawa daga gine-ginen Rumawa aka ɗauko su. Kana salla kana jingine da su.

Abu_Hudhaifa
Dutse ba ya da laifi, ai an tsarkake wurin da tauhidi. Maganata a kan inda ake bautar wanin Allah yanzu haka ne. Kufai ban hana ba, matuƙar mutum ya shiga da tsoron Allah kamar yadda aka umurci sahabbai a Hijir, kufan Samudawa, ba da shewa da ɗaukar hoto ba.

Ishaya_Zonkwa
Abu Hudhaifa ina mutunta ra'ayinka, kowa da iyakar da imaninsa ya ja masa. Abu ɗaya zan ƙara. Majami'ar Bulus da ke wajen ganuwa ta ƙone a 1823. Da ake sake gina ta, Muhammad Ali mai mulkin Masar, Musulmi, ya aiko da ginshiƙai na dutse mai sheƙi gudummawa, suna nan a ciki. Na ji daɗin jin wannan labarin ƙwarai, ganin halin da muke ciki a gida.

Bagobiri_77
Ina karanta duk wannan raina yana ɓaci. Su sun riƙe ganuwarsu ta shekara ta 270 da 'yan kai, kilomita goma sha tara, har yau mota na ratsa ƙofofinta. Mu ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana yanka filaye a kanta. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 saboda faɗaɗa titi. Alƙalawa kuwa, wa ke zuwa? Za mu biya yuro mu kalli na wasu, namu yana narkewa.

Injiniya_BK
Bagobiri ina tare da kai a ɓacin rai, amma a yi adalci ta fuska biyu. Ginin ƙasa sai da yaɓe duk bayan damina, in aka daina shekara kaɗan ya tafi, ba kamar dutse ba. Sannan su ma sun daɗe suna cin nasu. Bayan girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da gefen Kolosiyam, wurin ya zama inda ake ɗibar dutse, manyan gidaje da majami'u da shi aka gina su. Dutsen mabul kuma ƙona shi suke su sami farar ƙasa. Forum ɗin da Malama ke yabo har makiyayar shanu ta zama. Daga baya ne suka farka. Mu ma in muka farka yanzu akwai sauran abin ceto.

Ɗan_Agadas
Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tun 1515, an sake ta a 1844, tana tsaye saboda mutanen gari ba su daina yi mata yaɓe ba. Itatuwan da ke fitowa a jikinta su ne matakalar masu gyara.

Manomin_Danja
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ban zaci zan samu ilimi haka ba. Ga inda na karkata. Juma'a masallaci in an tashi da wuri. Asabar da safe Kolosiyam da Forum, in nemi ƙofar nan ta ɗan Lebda, da yamma in taka zuwa Castel Sant'Angelo saboda Hasan al-Wazzan, in ga filin Vatikan daga waje. Pantheon ne ya rage min a rai. Bayanin Injiniya ya sa ina son ganin ƙubbar nan, maganar Abu Hudhaifa kuma ba ta bar ni ba. Zan sake zama da malaminmu na unguwa kafin tafiya. Lahadin fa? Wani a ofis ya ce in je Pompeii, garin Rumawa da aman wutar dutse ya binne.

Bakano_A_Milan
Pompeii na da kyau amma za ta cinye maka wunin. Jirgi mai sauri zuwa Napoli sa'a ɗaya da 'yan mintuna, sannan ka sake hawa wani ƙarami, ga tsada, ga jirginka da safiyar Litinin. Ni da Ostia ɗin da Malama ta ambata zan je. Kusan rabin sa'a ce daga tashar Piramide, wadda ke gaba da ta FAO, da tikitin cikin gari.

Malamar_Tarihi
Ostia, ba shakka, musamman ga manomi. Za ka ga rumbunan ajiyar alkama, da gidan burodi da duwatsun niƙansa a tsaye inda jakuna ke juya su, da gidajen haya masu bene, har da shagon abinci da kantarsa. A nan za ka gane yadda ake ciyar da birni mai mutum kusan miliyan ɗaya da hatsin Masar da Tunisiya. In ka dawo da sauran ƙarfi, kusa da Piramide akwai tudun Testaccio, tsayinsa mita 35, gaba ɗayansa fasassun tulunan man zaitun ne da aka jera.

Injiniya_BK
Ni dai ban haƙura da Pantheon ba. Alhaji ko ba za ka shiga ba, ka je ka tsaya a bakin ƙofa tsakanin ginshiƙan, ƙofar a buɗe take, ana hango gefen ƙubbar daga nan.

Maman_Iman
In Ostia za ka je ka tafi da abincinka da hula, inuwa ba ta da yawa a cikin kufan. Kuma ka duba ko Lahadin taka ita ce ta farkon wata, ranar wuraren gwamnati kyauta ne, amma mutane sun fi yawa. Malam Na Zaure, shi da zai yi kusan mako a can, ƙasaru zai yi ko cikawa? Mu da muka je mun yi ta gardama da maigida a kan wannan.

Malam_Na_Zaure
A Malikiyya, in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, cikawa zai yi tun daga isarsa. Alhaji faɗa mana ranar saukarka da ta tashinka a lissafa.